Kurege ya kusa cinye min ƙofar ɗakin ajiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗakin ajiya a gona inda na zuba buhunan gyaɗa da masara bayan kaka. Ƙofar ta katako ce, bara aka yi ta. Jiya na tarar an gaigaye gindinta, rami har hannuna yana shiga, ga ɓawon gyaɗa warwatse a ƙasa. Mai gadi ya ce da rana kurege ne, da dare gafiya. Ba na son sa guba, kajinsa da yaransa a nan suke wuni. Akwai haɗin gida da zan shafa?

Wata uwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Daka busasshen barkono mai zafi da tafarnuwa, ka jiƙa su kwana, ka tace, ka ɗan narka sabulu a ciki don ya kama katakon. Sai dai a rufe hanci wajen dakan, ni ranar da na yi har maƙwabta sai da suka yi atishawa. Kaji ba ruwansu, tsuntsu ba ya jin yajin barkono. Amma rana da ruwan sama suna kashe shi, sai ana sabuntawa.

Wani matashi: Baba a shafa baƙin mai kawai.

Wani kafinta: A'a ɗana, baƙin mai don gara ake shafa shi, kuma ba a kai shi kusa da abinci, gyaɗa tana ɗaukar wari. Alhaji, barkono zai kore su kwana biyu, amma haƙoran gaba na kurege da ɓera ba sa daina tsiro har su mutu, dole su samu abin gaigaya, balle ga ƙamshin gyaɗa a bayan ƙofa. Buga langa-langa a gindinta ciki da waje, tsawon taƙi biyu, har da dokin ƙofar. Ƙasan kuma a zuba siminti, don gafiya in ta rasa hanya haƙa take yi.

Wata ma'aikaciyar jinya: A ɗaga buhunan daga ƙasa, a share wadda ta zube. Ramin da kurege ya buɗe ɓera ma zai bi, kuma ta fitsarinsa da kashinsa ake ɗaukar zazzaɓin Lassa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Malam kafinta, ina da ragowar tsohon kwanon rufi, zai yi?

Kafinta: Zai yi in tsatsa ba ta huda shi ba. A lanƙwashe bakinsa ciki, kada ya yanki ƙafar yara.