Wai Edward yana da ma'ana kuwa?

Uwar Biyu: Salam jama'a. Maƙwabciyata ce ta haihu, Kirista ce, an sa wa jaririn Edward, na tambaye ta ma'anarsa ta ce ita dai sunan kakan mijinta ne. Dan Allah sunan na da ma'ana kuwa ko kawai daɗin faɗa ne?

Ɗan Zazzau: Yana da ita mana Maman Biyu. Tsohon Turancin Ingila ne, kalma biyu aka haɗa, ead wato arziki ko wadata, da weard wato mai tsaro, kin ga kenan mai gadin arziki. Saura kaɗan ma sunan ya ɓace fa, don da Normandawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila a 1066 sai sunayensu irin su William da Robert da Richard suka danne na 'yan ƙasa. Abin da ya cece shi wani sarki ne Edward da ya rasu a shekarar, wanda suke ɗauka waliyyi, shi Sarki Henry na 3 yake matuƙar girmamawa har ya yi masa takwara da ɗansa a 1239, daga nan sunan ya dawo gidan sarauta.

Baban Khalifa: Tab, mai gadin arziki? Ai kuwa Edward na 7 ne ke kan gado lokacin da sojojin Lugga suka shiga Kano da Sakkwato a 1903, arzikin wa ya yi gadi 😂 Jikansa Edward na 8 ma ya zo Kano a 1925 yana yarima aka yi masa hawan daba, shi ne wanda ya ajiye sarauta a 1936 saboda an hana shi auren wata bazawara 'yar Amurka.

Anti Nas: Kai Baban Khalifa kar ka ɓata wa jariri suna tun yana zanin goyo. Edward Jenner fa? Likitan da ya fara rigakafin agana a 1796, lambar nan da ke damtsen iyayenmu daga aikinsa ta samo asali.

Ɗan Chelsea: Mu dai namu Edouard Mendy ne golan Senegal, haka Faransawa ke faɗa, 'yan Sifen kuma Eduardo.

Uwar Biyu: Na gode, zan faɗa mata. Yarana dai tuni sun mai da shi Edi.