Neman gurbin horon aiki a binciken haƙƙin ɗan Adam: daga ina ake farawa?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina ajin ƙarshe a digirin farko, ina so in samu gurbin horon sanin makamar aiki wajen masu binciken take haƙƙin ɗan Adam. Wace ƙofa zan ƙwanƙwasa, me kuma zan tanada?

Barista Hauwa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara duba Ofishin Babban Kwamishinan Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Jeneba. Ta manhajar Inspira, wadda ake neman aikin Majalisar Ɗinkin Duniya da ita, ake nema. Suna karɓar 'yan ajin ƙarshe na digirin farko da masu digiri na biyu ko na uku, horon kuma wata 2 ne zuwa 6. Dole ki ƙware a Turanci ko Faransanci. Amma ki sani ba a biyan albashi: kuɗin tafiya, masauki da inshorar lafiya duk a wuyanki suke. Kada ki nema sai kin san daga ina za su fito.

Malam Bashir: Ga kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta Afirka a Banjul, Gambiya, da Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam a Arusha, Tanzaniya, sai Amnesty International da Human Rights Watch. A ganina kada a raina ƙananan ƙungiyoyi da cibiyoyin bincike na jami'o'i. A babban ofishi sabon shiga kan ƙare yana tace takardu, a ƙarami kuwa yakan zauna kusa da mai binciken ya ga yadda ake ɗinke rahoto.

Zainab: Na gode Barista, na gode Malam. Takardun fa?

Dokta Rabi: Uku ne galibi: takardar tarihin karatu da aiki, kada ta wuce shafi 2, wasiƙar neman gurbi shafi 1, sai samfurin rubutu. Samfurin nan shi ke raba gardama, domin da shi ake gane ko kin iya aikin. Idan ba a faɗi tsawonsa ba, shafi 3 zuwa 5 ya isa. Ki ɗauki matsala ɗaya a ƙasa ɗaya, misali tsare mutane ba tare da gurfanar da su gaban kotu ba. Ki kawo dokar da ta shafe ta, wato sashe na 9 na Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan Haƙƙoƙin Jama'a da na Siyasa ta 1966, ki tabbatar ƙasar ta rattaba hannu ta kuma amince da ita, don sa hannu daban, amincewa daban. Sannan ki jera hujjoji. Kowace magana ki nuna matsayinta: wannan ganau ne ya faɗa, wannan jiyau ne, wannan kuma hasashenki ne. Inda majiya ɗaya tak gare ki, ki rubuta "ana zargin", ba "an aikata" ba. Yawancin samfuran da ake ajiyewa gefe ba rashin Turanci ke kayar da su ba, zafin rai ne ba hujja. Mai tantancewa ya riga ya san zalunci mugun abu ne.

Malam Bashir: Dokta ta gama magana. Ƙari ɗaya: kada a tura aikin rukuni ko wanda malami ya gyara sosai ba tare da an bayyana hakan ba. A hira za a tambaye ki daga ina jimla kaza ta fito.

Barista Hauwa: A wasiƙa ki bar "tun ina ƙarama nake ƙaunar adalci". Ki ambaci rahoto ɗaya da sashen da kike neman shiga ya fitar, ki faɗi abin da za ki iya ƙarawa: wani harshe da kike ji, iya sarrafa bayanai a Excel, ko tantance hoto da bidiyo. Idan wannan na ƙarshen ne, ki karanta Ƙa'idar Berkeley kan bincike da bayanan intanet kafin hira.

Aliyu: Anti Hauwa, me aka fi tambaya a hirar?

Barista Hauwa: Ladubban aiki. Za a ce maka ga mace ta ba da shaida, washegari ta ce a cire sunanta, ya za ka yi? Amsar ita ce izininta ne ke gaba, tana da ikon janye shi. Ka nuna ka san yadda ake neman yardar mai shaida bayan an yi masa cikakken bayani, da sakaya suna, da ajiye sunaye daban da bayanan hira, a kulle da kalmar sirri. Ko samfurinka kada ya ɗauki sunan wanda aka zalunta na gaskiya.

Dokta Rabi: Mai neman abin gwada hannu ya sauke takardun Bitar Ƙasashe, wato duba halin haƙƙin ɗan Adam a kowace ƙasa da Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi. Kowace ƙasa takardu 3 ne: rahoton gwamnati, tarin bayanan Majalisar Ɗinkin Duniya, da taƙaitaccen bayanin ƙungiyoyi. A gwama su, a ga inda suka saɓa wa juna. Samfurin rubutu ke nan ya samu.

Malam Bashir: A kula da wa'adi, Inspira da agogon Niyu Yok take rufewa, ƙarfe 11:59 na dare. Waɗanda za su shaidi halinki da ƙwazonki ga masu ɗauka kuma ki sanar da su tun da saura mako 3, ki tura musu tallar gurbin. Duk wanda ya ce a biya kuɗin fom da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗan damfara ne, ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki.