Neman kalmar Hausa: me za mu kira "acid-fast"?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Salamu alaikum 'yan'uwa. A takardar sakamakon gwajin kaki na neman tarin fuka ana rubuta AFB, wato ƙwayoyin cuta masu "acid-fast". Wasu na fassara shi da "masu saurin asid", alhali babu zancen sauri a nan. Me ya dace?

Malamar ilimin ƙwayoyin cuta: Wa alaikumus salam, Malam. Mu bi aikin tukuna. A hanyar Ziehl-Neelsen, wato rina ƙwayoyin cuta don a gan su a madubin ƙara girma, ana shafa kaki a gilashi, ya bushe, a gitta shi kan wuta don ya manne. Sai a kwarara jan rini, kabol fukisin, a ɗumama har tururi ya tashi, a bar shi minti 5. Kada ya tafasa, kada ya bushe, in ba haka ba ɓarɓashin rini zai yi kama da ƙwayar. Daga nan a wanke da asid kashi 3 cikin ɗari a alkohol, a bi da shuɗin rini. Komai zai koma shuɗi, ban da ƙwayar tarin fuka da Robert Koch ya gano a 1882: ita tana nan ja, siririya, don bangonta maiƙo ne kamar kakin zuma. Ina ganin "marasa zuba", yadda ake cewa atamfa ba ta zuba.

Likitan fata: Malama, kalmar ta yi daɗi, sai dai kuturta za ta ƙaryata ta. Ƙwayar kuturta da Hansen ya gano a Norwe a 1873 tana zuba idan asid ya yi ƙarfi. Shi ya sa idan aka tsaga fatar kunne aka kankaro ruwa, da asid kashi 1 cikin ɗari ake wankewa. Wanda ya yi da na tarin fuka zai iya ganin shuɗi zalla ya ce babu cuta. Ga shi ba ta tsirowa a abincin ƙwai da ake shuka ƙwayar tarin fuka a kai a ɗakin gwaji, balle a tabbatar ta wannan hanyar.

Malamar ilimin ƙwayoyin cuta: Gaskiyarka, Likita. To "masu riƙe rini" fa? Riƙo yana da ƙarfi da rauni.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Ta zauna. Tarin fuka mai ƙarfin riƙon rini, kuturta mai raunin riƙo. Amma a takarda mu rubuta "ba a ga masu riƙe rini ba", kada a ce "babu", domin sai ƙwayoyi sun kai 5,000 zuwa 10,000 a mililita ɗaya na kaki kafin madubi ya nuna su.