Rijiyoyi suna ɓacewa daga taswirar da na haɗa da Tippecanoe

Mai Safiyo ta rubuta:
Assalamu alaikum. Ina da fayil na GeoJSON (tsarin ajiye bayanan wurare na taswira) mai ɗauke da wuraren rijiyoyin burtsatse da muka tattara a ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, sai na yi amfani da manhajar Tippecanoe a layin umarni (inda ake rubuta wa kwamfuta umarni) domin in mayar da shi tayil-tayil na taswira, wato ƙananan gutsattsarin da ke haɗuwa su ba da cikakkiyar taswira. Aikin ya kammala lafiya, amma idan aka dubi jihar baki ɗaya, rijiyoyi kaɗan ne ke bayyana, sai an zuƙo sosai sauran suke fitowa. Abin ya dame ni, domin mai dubawa zai ɗauka yankuna da yawa ba su da ruwa. Ina kuskuren yake?

Ɗan Gwale ya amsa:
Wa alaikumus salam, Malama. Fayil ɗinki lafiyarsa ƙalau, manhajar ce take rage ɗigo-ɗigon da gangan. Idan ba a ba ta wani umarni ba, tana tsayawa a mataki na 14 na zuƙowa, inda take ajiye komai, sannan a kowane mataki da ke ƙasa da shi tana raba yawansu da 2.5, wanda ke nufin cewa bayan matakai 5 kacal, ɗaya ne cikin kusan 100 yake saura. An tsara ta haka ne saboda bayanai masu ɗigo miliyoyi, domin kada tayil ya wuce KB 500 ko ya ɗauki abubuwa fiye da 200,000. Rijiyoyinki ba su kai nan ba, don haka ki ƙara `-r1` domin hana ragewar, ki haɗa da `--drop-densest-as-needed`, wanda ba zai zubar da komai ba sai tayil ya cika, kuma daga inda cunkoso ya fi yawa zai fara.

Injiniya Zinder ya amsa:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai a ganina nuna kowace rijiya a matakin jiha ba zai amfani mai karatu ba, domin cikin birni duk za su hau kan juna. Na fi son `--cluster-distance=20`, wanda ke tara na kusa da juna su zama ɗigo ɗaya tare da adadinsu. Haka kuma, Malama, ki yi amfani da `-y` ki zaɓi bayanan da ake bukata kawai domin rage nauyin tayil, saboda masu buɗe taswirar da waya a karkara, inda intanet ke da rauni.

Mai Safiyo ta rubuta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada `-r1` kuma rijiyoyin duk sun dawo, har na ga na Doguwa da Tudun Wada da nake tsammanin sun salwanta. Tarawar zan gwada ta gobe, in sanya adadin a tsakiyar kowane ɗigo a MapLibre, manhajar da ke nuna taswirar.