Muhawarar kayan ciki a zauren 'yan gida, Katsina, kwana biyu bayan Babbar Sallah

Abba: Slm, barkanmu da shan ruwan nama. Ni dai bana ragon da na yanka kayan cikin duka almajirai na ba, kai da ƙafa kuma na ba maigadi. Ku yi tunani mana, hanta da ƙoda su ke tace dattin jikin dabba, wanda ya ci matata ai datti ya ci, tumbi da hanji kau kowa ya san abin da ke kwana ciki. Talauci ne ya koya ma kakanninmu cin su, ba daɗi ba.

Gwaggo Binta: Amira ce ke rubuta mani, na ce ta rubuta yadda na faɗa kada ta rage komi. Abba yau kai ne ke ce ma hanta datti? Kai da ke tsugunawa bakin murhu a Ƙofar Marusa kana kuka a tsamo maka tun ba ta soyu ba, har ka ƙona harshe ka kwana ukku ba ka sha koko ba. Ranar Sallah mi ake ci in ba kayan ciki ba, gangar jikin ai ratayewa ake ta sha iska sai gobe. Matanku ne ba su son aiki shi ya sa kuke neman hujja. Tumbi a zazzage shi nesa da gida, a wanke ruwa ukku, a watsa mashi ruwan zafi a kankare baƙin nan har ya yi fari tas, hanji a tatse shi a zura mashi ruwa da buta sai ruwan ya fito garau sannan a naɗe shi da tantanin kitse, madaciya kaɗai za ki ciro a hankali da bakin wuƙa don in ta fashe hantar ta tashi aiki. A sa citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa, ya soyu cikin kitsenshi. Ina dattin?

Maman Ilham: Gwaggo ni wlh ban ce ba ni wankewa ba, shi ya kwashe tun kafin in fito

Anti Hadiza: Abba ƙanena, shekarata nawa ina aikin jinya, maganar nan taka rabinta ba haka take ba. Hanta ba rumbun guba ba ce, sarrafa ta take yi jiki ya fitar ta madaciya da fitsari. Abin da take tarawa shi ne sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin A da B12, har ta fi tsokar da kake taƙama da ita nesa ba kusa ba. Amma Gwaggo ke ma akwai inda zan taɓa ki. Mai ciki ba a son ta dinga cin hanta don bitamin A in ya yi yawa yana iya cutar da ɗan tayi, a Ingila ma cewa ake su bar ta gaba ɗaya. Mai ciwon gaut, irin wanda babban yatsan ƙafa ke kumbura ya hana barci, hanta da ƙoda na tayar mashi da shi. Ƙwaƙwalwa kuma kolestarol ne cike da ita.

Gwaggo Binta: Haihuwa tara na yi Hadiza, ke ce kika karɓi ko ɗaya? Kuma kowace haihuwa sai da aka kawo mani ƙauri, ƙafar sa a dafa ta kwana bisa wuta, a sha romo da kunun kanwa, shi ke maida ma mai jego ƙashinta.

Anti Hadiza: Allah ya ba ki haƙuri Gwaggo. Romon na da daɗi kuma yana sa mai jego cin abinci, wannan ban musa ba. Amma danƙon nan da ke kama leɓe daga jijiya da fata yake fitowa, sinadarin da ke gina ƙashi kaɗan ne ke narkewa cikin ruwan ko an kwana ana dafawa. Kindirmo ya fi shi a wannan fannin.

Kawu Malam: Wa alaikumus salam. Ta ɓangaren shari'a babu ja. Hadisin Ibn Umar da Ahmad da Ibn Majah suka ruwaito ya ce an halatta mana matattu biyu da jini biyu, kifi da fara, hanta da saifa. Abin da aka haramta jini mai kwarara ne, yana nan a Suratul An'am aya ta 145. Ƙashi ma an hana yin tsarki da shi don abincin 'yan uwanmu aljannu ne, ka ga ko shi ba abin wulaƙantawa ba ne. Abba sadakarka Allah ya karɓa, sai dai ina da tambaya ɗaya, abin da kai ka kira datti shi ka zaɓa ka ba almajirai? Ka duba Baƙara aya ta 267 ka dawo mu yi magana.

Abba: Kawu ai su suna so, har rububi suka yi

Yaya Sani: Ni a nan zan ɗan tsaya ma Abba, amma kan kai da ƙafa da ganda. Na ga da idona inda ake babbaka da tsohuwar taya da robobi, hayaƙi baƙi ƙirin, a kankare a kai kasuwa, wannan hayaƙin cikin fatar yake shiga. Kuma kun manta 2023 da gwamnatin tarayya ta ja kunne a bar cin ganda saboda cutar antaraks, har aka samu ta ɓulla a wata gona a Suleja? Kafin nan a 2022 shugaban cibiyar binciken fata ta Zariya ya ce a hana cin ganda don masana'antun jima sun rasa fata, mutanen kudu suka yi mashi ca. In ba gabanka aka babbake ba ni ban ci.

Anti Hadiza: Wannan gaskiya ne. Haka hanta ko huhu in kun yanka kun ga tsutsa ko ƙulli mai ruwa ko fararen ƙuraje, a binne, kada a jefa ma kare, ta nan cutar ke zagayowa.

Gwaggo Binta: To wa ya aike ku saye a titi? Karan dawa ya ƙare a Katsina ne? Mu da kara da itace muke babbaka, a kankare da wuƙa, a wanke, a fasa kan da gatari. Sani kai da ke buga ƙashi bisa gindin turmi kana zuƙe ɓargo har da lumshe ido, guringuntsi ma ba ka bar ma kyanwa.

Yaya Sani: Har gobe ina yi Gwaggo, na gidanki ai ban da shakka

Maman Ilham: Tunda abin ya zo nan bari in faɗa. Jiya da dare matar maigadi ta aiko da farfesun kan a kwano, na aje na tafi sallar isha'i, na dawo na tarar da ƙasusuwa.

Abba: Romon kawai na ɗanɗana, kuma ni kan hanta da tumbi nake magana, har yanzu ina nan kan bakana

Maman Ilham: Harshen fa, shi ma romo ne?

Gwaggo Binta: Amira rubuta mashi, kitsen ragon in bai kyautar ba ya aiko mani yau kafin ya yi wari, kakiɗe zan yi.