Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi: wace ce kurar a Old Trafford?

Jan Gwarzo:
Assalamu alaikum. Karin maganar da na kawo yau ita ce "kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi." Na yi amfani da ita daren jiya a gidan kallon unguwarmu a kan masu Manchester United, sai wani dattijo ya ce na ɗora ta a inda ba muhallinta ba, kuma kafin mu ƙarasa musun aka kashe inji, kowa ya kama gabansa. Ga hujjata. A 2005 iyalan Glazer na Amurka suka sayi ƙungiyar a kan kusan fam miliyan 790, amma fiye da fam miliyan 500 na kuɗin rance ne, kuma a wuyan ƙungiyar aka rataya bashin, alhali kafin zuwansu babu wanda yake bin ta. Tun daga lokacin, kuɗin ruwa da ribar masu hannun jari da sauran kuɗaɗen da suka fita saboda wannan ciniki sun haura fam biliyan 1. Sannan a ƙarshen 2024, bayan attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe ya sayi sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiyar ya karɓi ragamar harkar ƙwallo, aka mayar da tikitin da ya rage a kakar zuwa fam 66, babu ragi ga yaro, babu ga tsoho. A kakar 2024/25 ɗin ƙungiyar ta ƙare ta 15 a gasar Firimiya. A ganina magoya baya su ne kurar, masu ƙungiya su ne gardin. Ina neman gyara daga masana.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam, Malam Jan Gwarzo. Dattijon nan yana da abin faɗa. Kafin a ɗora karin magana a kan wani al'amari, ya kamata a koma ga hoton da aka gina ta a kai, domin Bahaushe bai faɗe ta a banza ba. Ina yaro na ga wasan kura ranar kasuwar garinmu. Gardi ya zo da ita da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, ƙafafunsa da kacau-kacau, makaɗa suna bin sa. Idan ta noƙe sai ya zabga mata sanda ta yi wannan kukan mai tayar da tsigar jiki, mu yara mu watse mu sake dawowa, manya kuma suna jefa kwabbai a ƙasa, yaron gardi yana tsincewa. Da yamma na ga an ɗaure ta a gindin tsamiya an jefa mata ƙashi, shi kuwa gardi yana rumfar mai tsire.

To ka ga mutum uku ne a wurin, ba biyu ba: akwai kura, akwai gardi, akwai 'yan kallo masu jefa kuɗi. Karin maganar ta ambaci biyu ta bar na ukun saboda babu wanda ya zalunce shi, da ƙafarsa ya zo, ya biya, ya kalla, ya tafi. Mai goyon baya a nan yake. Idan dole sai an sami kura a labarinka, to ƙungiyar ce da kanta, ita aka sa wa sarƙar bashi, ita ake zagawa da ita Asiya da Amurka kafin fara kaka domin a tara kuɗi da sunanta. A kan wannan na yarda karin maganar ta zauna daram, domin sayen abu da bashin da abin zai biya da guminsa shi ne ainihin sana'ar gardi.

Ɗan Kwari:
Ni ɗan kasuwa ne, kuma zan faɗi abin da masu ƙorafi ba sa son ji. Karin maganar da ta dace da tikiti ita ce "iya kuɗinka, iya shagalinka." Old Trafford, filin United, yana ɗaukar mutum kusan 74,000, masu son shiga kuwa sun ninka haka sau da yawa, kuma duk hajar da masu nema suka fi ta yawa dole ta yi tsada. Mutanen da suke kukan fam 66 su ne kuma suke kuka idan ba a sayo ɗan wasan fam miliyan 80 ba. Daga ina kuɗin zai fito? Kada kuma mu manta cewa a hannun waɗannan Glazer ɗin ƙungiyar ta ci kofin Firimiya sau biyar tsakanin 2007 da 2013, da kofin zakarun Turai a 2008. Bayan tafiyar koci Alex Ferguson an kashe sama da fam biliyan 1 a sayen 'yan wasa. Za a iya cewa an yi mummunan saye, amma ba za a ce an hana kura nama ba.

Mai Igwa:
Alhaji Ɗan Kwari, an ba ta nama, amma ɗakin da take kwana yana yoyo. A watan Mayun 2024 da mu Arsenal muka je muka doke United da ci ɗaya mai ban haushi, duniya ta ga ruwan sama yana kwarara daga rufin Old Trafford kamar indararo. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a nan mai ɗakin yana Florida, 'yan haya ne suke jiƙewa. Ba dariya nake yi ba, mu ma magoya bayan Arsenal mun sha namu. An koma sabon filinmu na Emirates a 2006 aka ce mu yi haƙuri ana biyan bashin fili, muka yi shekaru ana sayar da kyaftin bayan kyaftin, tikitinmu kuma yana cikin mafi tsada a Ingila. Shi ya sa duk lokacin da Aliko Ɗangote ya ce yana sha'awar sayen ƙungiyar daga hannun mai ita, Stan Kroenke, sai gidajen kallo su ɗauki sowa, ba tare da kowa ya tambayi yadda zai yi da farashin tikiti ba.

Baƙon Sanyi:
Ina zaune a arewacin Ingila shekaru da dama, kuma ina son in yi wa Malam Mai Alli jayayya cikin ladabi a kan cewa mai goyon baya ɗan kallo ne kawai. Maƙwabcina wani tsohon direban bas ne, ba United yake bi ba, wata ƙungiya ce da ba zan ambata ba. Mahaifinsa ne ya fara kai shi fili yana ɗan shekara bakwai, kuma ya riƙe kujera ɗaya fiye da shekara talatin. Ranar da ya yanke shawarar ba zai sabunta tikitin kaka ba, ya nuna mini tsofaffin tikitocinsa a cikin gwangwanin biskit, ɗaure da roba, shekara bayan shekara. Yanzu ranar wasa yakan sa mayafin ƙungiyar a wuya ya zauna a kicin yana sauraren rediyo. Na tambaye shi me zai hana ya koma bin wata ƙungiya mai araha, sai ya dube ni kamar na ce ya canza uba.

A nan lissafin Alhaji Ɗan Kwari ya sami tangarɗa. Idan shadda ta yi tsada a shagonka zan wuce shago na gaba, amma mai goyon baya ba shi da shago na gaba, kuma masu ƙungiya sun san haka sarai. Wannan ita ce sarƙar. Abu na biyu kuma, a 2020 da annobar korona ta sa aka buga wasanni babu kowa a fili, gidajen talabijin sai da suka riƙa saka ihun 'yan kallo na naɗaɗɗen sauti, domin wasan ya zama lami kamar miya ba gishiri. Ashe waƙar da mutanen nan suke rerawa da ihun da suke yi suna cikin hajar da ake sayar mana a gidajen kallo na Kano da Maraɗi. Yarjejeniyar nuna gasar Firimiya a cikin Birtaniya kaɗai ta shekara huɗu daga 2025 ta kai fam biliyan 6.7. Wanda ake sayar da muryarsa, kuma ba zai iya tafiya ba, ban ga yadda za a kira shi ɗan kallo ba. Ya ma fi kura shan wahala ta wata fuska, domin ita ba a karɓar kuɗin shiga a hannunta.

Ɗan Kwari:
Na ji batun shago na gaba, kuma na karɓa. Amma har yanzu ba a gaya mini daga ina kuɗin sayen manyan 'yan wasa zai fito ba.

Baƙon Sanyi:
Alhaji, ba daga aljihun yaro ɗan shekara goma ba. Abin da United take samu a ranakun wasa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na kuɗin shigarta, sauran daga talabijin da tallace-tallace yake zuwa, kuma abin da cire ragin yara da tsofaffi zai ƙaro ba zai biya albashin babban ɗan wasa ɗaya na shekara ba. Tun kakar 2016 aka ƙayyade tikitin magoya bayan ƙungiyar da ta zo baƙunci a fam 30 a duk filayen Firimiya, kuma babu ƙungiyar da ta durƙushe saboda haka. A Jamus, inda dokar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin ƙungiya, mutum kusan 25,000 suke tsayawa a bayan raga ɗaya a filin Dortmund a kan kuɗi kaɗan, kuma ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na zakarun Turai a 2024.

Malam Mai Alli:
Malam Baƙon Sanyi, ka motsa ni daga inda nake tsaye, ko da yake ba gaba ɗaya ba. Sharaɗin karin maganar shi ne wanda yake shan wahalar ya zama shi ne sanadin samun kuɗin, kuma misalin filayen da babu kowa ya nuna cewa mai zuwa fili yana cikin sanadin. Na janye cewa ɗan kallo ne zalla. Inda nake da sauran ja shi ne takunkumi. Kura ba ta da baki, su kuwa waɗannan mutane suna da shi, kuma sun yi amfani da shi. A watan Fabrairun 2016 da masu Liverpool suka sanar da tikitin fam 77, dubban magoya baya suka tashi suka fice daga Anfield a minti na 77 ana tsaka da wasa da Sunderland. Liverpool tana gaba da ci biyu, aka tashi biyu da biyu, kuma cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka nemi afuwa suka janye ƙarin. A Afrilun 2021 gasar Super League, wadda wasu manyan ƙungiyoyin Turai har da United suka so kafa wa kansu, ta rushe cikin kwana biyu saboda bore, kuma ranar 2 ga Mayu magoya bayan United suka kutsa cikin Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool. Wasu ma tun a 2005 suka tsinke sarƙar suka kafa FC United of Manchester, wadda mambobinta ne suke da ita. Ina tsoron kada yawan kiran mutum kura ya sa ya manta yana da baki. Haka nan ana faɗin karin maganar ne da tausayi daga waje, ban cika jin wanda abin ya shafa ya faɗe ta a kan kansa ba, domin kura a tatsuniyoyinmu ba abar yabo ba ce, ga kwaɗayi ga wauta.

Mai Igwa:
Malam, ai wannan kwaɗayin ma ya dace da mu. Magoya bayan Newcastle sun yi shekara goma sha huɗu suna tsine wa mai ƙungiyar a lokacin, Mike Ashley, saboda rashin buri, sau biyu ƙungiyar tana faɗuwa daga Firimiya a hannunsa. Da asusun zuba jari na Saudiyya ya saye ta a Oktoban 2021 aka yi biki a titi, kuma a Maris ɗin 2025 suka ɗaga kofin Carabao, babban kofin gida na farko tun 1955. Ban ga an nemi mulkin mambobi irin na Jamus ba a ranar. Gardi mai yawan nama aka nema, aka kuma samu.

Sai Masu Gida:
Ku yi haƙuri in tsoma baki da tambaya. Kano Pillars ta gwamnatin jiha ce, kamar yawancin ƙungiyoyin gasarmu, kuma ta ci kofi a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A irin wannan tsari babu mai kwasar riba, gwamnati ce ma take zubawa. Shin karin maganar tana aiki a inda gardin ba kuɗi yake nema ba, suna yake nema?

Malam Mai Alli:
Tana aiki idan 'yan wasa suna bin albashi ana ɗaukar hoto da kofin da suka ciyo, domin Bahaushe yana faɗin ta a kan duk wanda ya ci moriyar gumin wani, kuɗi ne ko suna. A nan ɗan wasa ne kurar. A Firimiya kuwa, mai karɓar fam dubu ɗari biyu a mako ba zai shiga wannan karin magana ba ko ta taga.

Jan Gwarzo:
Na gode wa kowa. Abin da zan koma wa dattijon nan da shi shi ne cewa a kan bashin 2005 ƙungiyar ce kurar, a kan tikitin fam 66 kuma mai zuwa fili ne, kuma zan amsa masa cewa ni da nake biyan kuɗin benci a gidan kallo ban shiga ko ɗaya ba, ina cikin masu jefa kwabo. Amma, Malam Mai Alli, ban gamsu da batun baki ba. Tun 2010 mutanen nan suke ɗaura mayafi kore da ruwan ɗorawa, launin Newton Heath, wato asalin United, da ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa a 1878, suna cewa Glazer su tafi, kuma har yau rinjayen ƙuri'a a ƙungiyar yana hannun iyalan. A Maris ɗin 2025 an sanar da shirin gina sabon fili mai ɗaukar mutum 100,000 a kan kusan fam biliyan 2, kuma Malam Mai Igwa ya riga ya gaya mana wanda ya biya na Emirates. Ranar Asabar akwai wasa, zan je da wuri in kama wa dattijon wuri kusa da ni kafin a tayar da inji.