Neman shawara: wane kaya zan fara saya don hawan itace da igiya?

Sani, Garin Malam:
Assalamu alaikum. Sana'ata rage rassan itace a cikin gari, yawanci dogon yaro da ya danne katanga ko ya hau kan soro. Da tsani nake aiki. Yanzu wani mai lambu a Mirriya yana so in riƙa gyara masa tsamiya da mangwaro, kuma tsani ba ya kai su. Ina da jaka ɗari da hamsin a ajiye. A kasuwar Dole ta nan Damagaram na ga igiya shuɗiya mai kauri, da bel irin na magina, da ƙugiyoyi masu makulli. Za su ishe ni in fara? Idan ba za su isa ba, me zan sa a gaba?

Malam Isuhu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Aikina hawan eriyar waya ne, kayanmu kusan ɗaya da naku. Shuɗiyar igiyar nan ka bar wa masu guga da masu ɗaurin kaya. Roba ce, rana na cinye ta, kuma idan ta gogu da reshe ta yi zafi narkewa take. Abin da za ka nema igiya ce mai kaurin milimita 11 zuwa 13, saƙaƙƙiya, mai riga a waje da zare a ciki. Ka duba bakinta, akwai ɗan tambari da aka naɗe: ya zama an rubuta EN 1891 A, lambar ma'aunin inganci na Turai ce. Irin wannan ba ta miƙewa fiye da kashi 5 cikin ɗari, kuma an gwada ta da nauyin da ya haura tan biyu. Kar a sayar maka ta masu hawan dutse, EN 892. Tana da kyau a wurinta, amma tana talewa, sai ka yi ta ja kana nan inda kake.

Tsawo kuma ka ninka na itacen, tunda igiyar hawa take ta zagaye reshe ta dawo. Itace mai mita 15 yana son mita 35 zuwa 40.

Bel ɗin magina zobensa a gadon baya yake, don tare wanda ya faɗo aka yi shi, ba a zama a cikinsa. Kai ɗamara mai zobe a gaba da madaurin cinya kake so, EN 813, da zobba biyu a kwiɓi don gajeriyar igiyar da za ka zagaya jikin itacen. Ƙugiya uku sun isa, masu kulle kansu, da lambar 22 kN ko sama a zane a jikinsu, wato ƙarfin da suke jurewa, sama da tan biyu. Waɗanda ake rataya makullin babur da su, ko kallonsu kar ka yi. Sunan kamfani kaɗai ma ba hujja ba ne: a 2011 Petzl na Faransa, mai ƙera kayan hawa, da kansa ya yi gargaɗi cewa jabun kayansa sun shiga kasuwa. Ka nemi takardar da ke zuwa da kayan da shekarar ƙira.

Baba Lawali:
Mu dai mun ga makiyaya na hawan gawo da rani da gatari kawai suna sassaɓo wa bisashe ganye. Duk wannan kashe kuɗi na mene ne?

Anti Mariyama:
Baba, a yi haƙuri, mu da ke aikin jinya mu ake kawo wa waɗanda suka faɗo, kuma karayar ƙashin baya ba ta ɗoruwa a gida. Sani, ka ƙara hular kwano mai maɗauri a haɓa. Kar ka hau kai kaɗai. Wanda ya suma yana reto cikin ɗamara, jini na taruwa masa a ƙafafu, tilas a sauko da shi da gaggawa, don haka na ƙasa ya san yadda zai yi. Ka kuma duba zuma tun daga ƙasa, tsohuwar tsamiya da kuka ba a raba su da kogo.

Habu:
Kuɗinka ba lalle su kai komai ba. Igiya, ɗamara da ƙugiya ka saye su sabbi, ko ka sa a kawo maka daga Yamai ko Kano. Na'urar hawa ta ƙarfe ta jira. Ka koyi ƙullin Prusik da siririyar igiya mai jure zafi ta milimita 8: ka tura shi ya zame, ka sakar masa nauyi ya cije. Don jefa zaren da zai ja igiya kan reshe kuwa, ka ɗinka ƴar jaka ka cika ta da yashi kamar giram 300. Ka ɗauki makonni kana gwaji mita biyu daga ƙasa kafin ka ɗauki zarto. Lokacin yanka, ka ɗaure a wuri biyu. Reshen dogon yaro da gara ta ci daga waje lafiya lau yake, sai ku ja igiyar ku biyu daga ƙasa don gwada reshen kafin ka hau. Idan akwai wayar lantarki kusa, ka bar aikin.

Sani:
Na gode ƙwarai. Malam, wani ya yi min tayin tsohuwar ɗamara a rabin kuɗi, ya ce sau kaɗan aka sa ta.

Malam Isuhu:
Ka bar ta. Yawancin kamfanoni shekara 10 suke ba kayan zare daga ranar ƙira, ko ba a taɓa sa su ba, kuma ba ka san ko ta kwana kusa da ruwan batir a bayan mota ba, shi kuwa yana cin zare ba tare da ido ya gani ba. Ka same ni Asabar da hantsi a unguwar Birni, in nuna maka tawa ka ga inda ake duba ɗinki.